Daga Bakin Ladan Zuwa Dodon Kunne: Tafiyar Sauti da Amanar Ji

Duk wanda ya taɓa farkawa kafin ketowar alfijir a lokacin hunturu ya san wannan al'amari. Kiran sallar wani masallaci mai nisa, wanda ba a jin ɗuriyarsa da azahar, sai ya shigo ɗaki tangaram kamar a bayan katanga ake yin sa. Ladanin dai shi ne na jiya, lasifikar ma ba a sauya ta ba. Mafi yawanmu mukan ce shirun dare ne ya jawo haka, kuma akwai gaskiya a ciki, domin babura da injinan niƙa duk sun yi tsit. Amma akwai dalili na biyu da ke cikin iskar kanta, wanda ba a gane shi sai an san mene ne sauti da yadda yake tafiya.

Sanin wannan ya shafi lafiyar iyalinmu kai tsaye. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2021 ya nuna cewa mutane fiye da biliyan 1.5 suna da raunin ji, miliyan 430 daga cikinsu har sun kai ga buƙatar taimako. Hukumar ta kuma yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalata jinsu saboda ƙarar abin da suke saurare. A wajen Musulmi kuwa, kunne ne ƙofar da karatun Alƙur'ani ya biyo baki da baki, daga malami zuwa ɗalibi, har ya iso gare mu. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta lissafa ji cikin abubuwan da za a tambayi bawa a kansu. Abin da za a tambaye ka a kansa, ya kamata ka san yadda yake aiki da abin da ke ɓata shi.

Mene ne sauti?

Ɗora yatsunka a kan maƙogwaro ka ja wasalin "aaa". Za ka ji wurin yana rawa. Wasu tantanai biyu ne a cikin maƙogwaro suke buɗewa suna rufewa da sauri yayin da iska ke fitowa daga huhu. Duk wani sauti daga irin wannan kaɗawa yake farawa, ko na fatar ganga ne, ko na ƙwaryar da ta faɗi ƙasa.

Abin da ke kaɗawa yana tura iskar da ke gabansa ta matse, sannan ya koma baya ta saki. Iskar da ta matse ta tura ta kusa da ita, waccan ma ta tura ta gaba. Iskar da ta fito daga bakin ladan ba ita ce ke zuwa kunnenka ba. Turin ne ke tafiya, kamar yadda bokitin ruwa ke wucewa hannu zuwa hannu a wajen kashe gobara alhali kowa yana tsaye a inda yake. Wannan turi mai tafiya shi ake kira igiyar sauti.

Malaman Musulunci na farko sun hango hakan. Ibnu Sina, a cikin ɗan littafinsa Asbabu Hudusil Huruf, ya danganta faruwar sauti ga motsin iska mai kama da igiyar ruwa, sannan ya bi baƙaƙen Larabci ɗaya bayan ɗaya yana bayanin yadda maƙogwaro da harshe ke samar da kowane. Albiruni kuma ya lura cewa haske ya fi sauti sauri nesa ba kusa ba. A shekarar 1660 Robert Boyle ya sanya agogo a cikin tulun gilashi ya zuƙe iskar ciki, sai ƙarar agogon ta dushe har aka daina jin ta, alhali yana nan yana aiki. Wannan ya tabbatar da cewa sauti ba ya tafiya sai da abin da zai ɗauke shi, ko iska, ko ruwa, ko ƙarfe.

A cikin iska mai zafin digiri 20 a ma'aunin Selshiyos, sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan zafi ya kai digiri 40, irin na watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, saurin yakan kai kusan mita 355. A cikin ruwa ya kusa mita 1,500, a cikin ƙarfe kuwa ya haura 5,000. Da wannan lissafi yaro zai iya auna nisan tsawa da damina: ya fara ƙirga daƙiƙoƙi daga ganin walƙiya zuwa jin cida, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ke nan.

A nan amsar tambayar asuba take. Da rana ƙasa tana da zafi, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama ɗumi, don haka gefen igiyar sauti na ƙasa ya fi na sama sauri, sai sautin ya lanƙwasa ya nufi sama ya wuce ta kan gidaje. Da dare ƙasa takan huce, iska mai sanyi ta kwanta ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta. Sai lamarin ya juye, sautin da ya nufi sama ya lanƙwaso ya dawo kan unguwanni masu nisa. Saboda haka ƙarfin lasifikar da ya dace da azahar yakan yi yawa da asuba.

Kauri da siranta, ƙarfi da rauni

Siffofi biyu ne suka fi bambanta sauti da sauti. Ta farko ita ce yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, ana auna ta da ma'aunin haz, wanda aka samo daga sunan masanin Jamus Heinrich Hertz. Kaɗawa kaɗan tana ba da murya mai kauri, kaɗawa da yawa tana ba da siririya. Muryar babban namiji takan kaɗa tsakanin sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa, ta mace tsakanin 165 zuwa 255, ta yaro ta fi haka. Kunnen matashi mai lafiya yana kama daga haz 20 zuwa 20,000. Giwaye suna kiran juna da sautin da ya yi ƙasa da wannan iyaka, jemagu kuma suna farauta da wanda ya yi sama da ita. Na'urar da ake ɗaukar hoton cikin mai juna biyu da ita a asibiti sauti take aikawa mai kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa, ta saurari dawowarsa, ta zana hoton.

Bahaushe gwani ne wajen jin wannan bambanci ko da bai san sunansa ba. Kukan yaro da itacen kuka baƙaƙensu ɗaya ne, hawa da saukar murya ne ke raba su. Haka wuyan jiki da wuyar aiki. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata fatar ta ɗaure, muryar ta hau, ya sassauta ta sauka, shi ya sa kalangu ke iya kwaikwayon magana.

Siffa ta biyu ita ce ƙarfi, ana auna shi da desibel. Raɗa kusan desibel 30 ce, hira ta yau da kullum kusan 60. Daga 120 zuwa sama kunne yakan fara zafi. Wannan ma'auni yana da wata ɗabi'a da ke yaudarar mutane. Ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin da ke dukan kunne ya ninka sau goma, alhali mai saurare yana jin kamar ninki biyu kawai aka yi. Ƙarin desibel 3, wanda da ƙyar ake lura da shi, ninki biyu ne cur. Saboda haka hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar iyakar desibel 85 na awa takwas a rana, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 minti goma sha biyar kacal. Wayoyi da yawa, idan aka ƙure muryarsu ta cikin iyafis, suna kaiwa 100 ko su wuce.

Nisa kuwa kariya ce. A fili, duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakaninka da abin da ke ƙara, desibel 6 ne ke raguwa. A ɗauka wata lasifika tana ba da 110 a tazarar mita ɗaya. A mita biyu 104 ne, a mita huɗu 98, a mita takwas 92, sai a mita goma sha shida za a sauko 86. Yaran da ke cunkushe a gindin lasifika a wurin biki ko wa'azi su ne ke kwasar mafi munin rabo.

Cikin kunne

Kunne sassa uku ne. Fatar waje, da duk lanƙwashe-lanƙwashenta, tana tattara sauti ta zuba shi cikin rami mai tsawon kusan santimita biyu da rabi. Wannan ne ma ya sa dattijo kan kafa tafin hannu a bayan kunne idan yana son ji sosai. A ƙarshen ramin akwai dodon kunne, wani tantani mai faɗin kusan santimita ɗaya, kaurinsa bai wuce na takardar rubutu ba. Igiyar sauti na isowa sai ya kama rawa daidai da ita.

Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, a cikinsa ƙasusuwa uku suna haɗe da juna. Masana sun ba su sunaye saboda kamanninsu: guduma, uwar maƙera, da likkafa. Likkafar ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, kusan milimita uku, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Aikinsu yana da dalili. Sashen ciki na kunne cike yake da ruwa, sauti kuma ba ya shiga ruwa daga iska cikin sauƙi, kamar yadda wanda ya nutse a kogi ba ya jin kiran na bakin gaɓa sosai. Sai ƙasusuwan su tattara ƙarfin da ya faɗa kan faffaɗan dodon kunne su zuba shi a kan 'yar ƙaramar taga da ƙafar likkafa ke rufe da ita, kamar yadda bugun guduma ke taruwa a tsinin ƙusa. Ta haka matsin ke ƙaruwa kusan sau ashirin.

Daga wannan ɗaki akwai wata siririyar hanya da ta gangara zuwa bayan hanci, mai daidaita iskar ciki da ta waje. Ita ce ke buɗewa alhaji ya ji kunnensa ya yi "ɓas" idan ya haɗiyi yawu yayin da jirgi ke sauka Jidda. Ita ce kuma hanyar da mura ke bi ta kai ciwo kunnen yara, domin tasu gajera ce kuma a kwance take. Dodon kunne lafiyayye yana raba ramin waje da wannan ɗaki, don haka maganin ɗigawa ba ya isa maƙogwaro sai idan tantanin ya huje. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya maganin ɗigawa a kunne cikin abubuwan da ba sa karya azumi matuƙar an guji haɗiye abin da ya isa maƙogwaro. Littattafan Malikiyya kuwa sun rataya hukuncin ga isar abin zuwa maƙogwaro, don haka mai hujajjen dodon kunne ya tuntuɓi likita da malami.

Sashe na uku shi ne katantanwar kunne, wani bututu mai cike da ruwa da ya naɗe sau biyu da rabi da ɗoriya kamar gidan dodon koɗi. Girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, amma da za a warware ta za ta kai santimita uku da rabi. A tsawonta akwai wani tantani shimfiɗe, siriri mai tauri a bakin ƙofa, mai faɗi da laushi a can ƙurya. Siririn sauti yana kaɗa wajen bakin ƙofa, mai kauri yana wucewa ya kaɗa ƙurya. Kowane sauti da mazauninsa. Georg von Békésy, ɗan asalin ƙasar Hangari, shi ya gano yadda wannan igiya ke tafiya a cikin katantanwa, aka ba shi lambar Nobel a 1961.

A kan wannan tantani ƙwayoyin halitta masu gashi suke jere, a cikin wani tsari da Alfonso Corti na Italiya ya siffanta a 1851. Kowane kunne yana da kusan 3,500 a sahun ciki da kusan 12,000 a sahun waje. Idan ruwa ya motsa, gashin ya ranƙwafa, sai ƙwayar ta mayar da motsin saƙon lantarki, jijiyar ji mai zare kusan 30,000 ta kai shi ƙwaƙwalwa. Na sahun ciki su ne masu kai saƙo. Na sahun waje kuwa miƙewa suke yi suna takurewa don ƙarfafa sauti mai rauni, kuma a cikin wannan aiki kunne da kansa yana fitar da wani ɗan amo. David Kemp ya gano haka a Landan a 1978, kuma da wannan amo ne ake gwada jin jariri yana barci cikin 'yan mintoci.

Ƙwaƙwalwa ce ke kammala aikin. Tana kwatanta lokacin da sauti ya isa kunnen dama da na hagu, bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, ta gane ta ina aka yi kira. Ita ce ke sa uwa ta tsinci kukan ɗanta a cikin hayaniyar gidan suna. Wannan horo tun a ciki yake farawa, domin ɗan tayi yana amsa sauti tun wajen wata na shida, kuma bincike ya nuna jariri sabon haihuwa yana fifita muryar mahaifiyarsa a kan ta sauran mata.

Ɓarnar da ba ta da magani

Ƙwayoyin nan masu gashi da su aka haife mu, kuma wadda ta mutu ba ta da magaji. Tsuntsaye da kifaye suna sake tsiro da nasu, ɗan Adam ba ya yi. Ƙara mai tsanani tana kwantar da su kamar yadda ƙafa ke kwantar da ciyawa. Idan sau ɗaya aka taka takan miƙe, shi ya sa wanda ya dawo daga wurin biki kunnensa yana toshe ko yana wani kuka shi kaɗai yakan wartsake kashegari. Idan aka mayar da wurin hanya, ciyawar takan mutu.

Abin takaici, ɓarnar ba ta zuwa da ciwo ko jini, kuma daga siraran sautuka take farawa, galibi wajen haz 4,000. Wasula masu kauri ne, suna nan ana jin su. Baƙaƙe irin su s, sh, f da ts sirara ne, su ke fara ɓacewa. Mutum sai ya riƙa cewa yana ji amma ba ya ganewa, ko ya zargi mutane da magana ciki-ciki. Ɗalibin tajwidi ya fi kowa sanin darajar waɗannan sautuka. Khalilu ɗan Ahmad ya jera ƙamusunsa Kitabul Aini bisa mafitar baƙaƙe tun daga maƙogwaro, Ibnul Jazari ya ƙidaya mafita goma sha bakwai, kuma duk wannan ilimi kunne ne alƙalinsa. Yaron da jinsa ya raunana zai sha wuya wajen raba sinun da sadun ko shinun, a yi ta yi masa faɗa a kan taurin kai alhali bai ji bambancin ba.

Ƙara ba ita kaɗai ke kawo kurumta ba. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa da bazara, kuma kurumta na cikin abin da yakan bari ga waɗanda suka tashi. Haka ƙyanda da hangum, da shawara mai tsanani ga jariri. Zazzaɓin Lassa ma yakan taɓa jin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke. Wasu magunguna, kamar allurar jentamaisin, suna iya lalata katantanwa idan aka yi amfani da su ba bisa ƙa'ida ba, wanda hakan ya isa dalilin guje wa allurar kan titi. Kunnen yaro mai zubar da mugunya wata da watanni yana cin dodon kunne da ƙasusuwan nan a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na raunin ji ga yara ana iya kauce masa.

Sai kuma abin da hannunmu ke yi. Tsinken ashana, gashin kaza, makulli da auduga mai tsinke duk suna tura dauɗar kunne ciki, wani lokaci su huda tantanin. Dauɗar nan kariya ce daga ƙura da ƙwari, kuma da kanta take fitowa. Mari a kan kunne yana matse iskar ramin farat ɗaya, yakan fasa dodon kunne nan take. Manzon Allah (SAW) ya hana dukan fuska, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim, kuma iyaye da malaman makaranta su ne suka fi buƙatar tuna wannan.

Malaman fiƙihu ba su ɗauki ji da wasa ba. Sun hukunta cewa wanda ya gusar wa wani da jinsa gaba ɗaya zai biya cikakkiyar diyya, daidai da ta rai. Muhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu tun ƙarnoni, ya kawo hanyar auna raunin kunne ɗaya: a toshe lafiyayyen, a yi ta kiran mutumin daga wurare daban-daban, sannan a kwatanta da abin da ɗaya kunnen ke ji, a fitar da diyya gwargwadon abin da ya ragu. Wannan gwajin ji ne tun ƙarni na 8 bayan Hijira. Tambayar da ta rage mana ita ce matsayin mai injin da ke kurumtar da yaran shagonsa sannu a hankali, ko mai janaretan da ya kafa shi a gindin tagar maƙwabci.

Masallaci da lasifika

Ɗaga murya a kiran salla abin nema ne. Lokacin da Abdullahi ɗan Zaidu ya ga kiran salla a mafarki, an umarce shi ya koya wa Bilal saboda muryarsa ta fi kaiwa nesa, kuma Bilal yakan hau rufin wani gida mai tsawo kusa da masallaci. An ruwaito yana sanya yatsunsa a kunne. Wanda ya gwada zai ji muryarsa ta cika masa kai, domin ta cikin ƙashin kai take isa katantanwa idan an toshe ramin.

Magina ma sun yi wa sauti hidima. Mihrabi mai lanƙwasa yana mayar da muryar liman zuwa ga sahun da ke bayansa. Mimar Sinan, wanda ya gina Masallacin Sulaimaniyya na Istanbul tsakanin 1550 da 1557, ya binne tukwanen ƙasa a jikin ƙubba bakinsu na kallon ciki don gyara amon ɗakin. Matsalar da yake magancewa ita ce tamu a yau. Tayil, siminti da gilashi suna mayar da sauti, darduma da labule da jikin mutane suna shanye shi. Bangon da ke nesa da mita 17 yana dawo da murya bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, har kunne ya ji ta a matsayin murya ta biyu. A babban masallaci mai tayil, kalmar liman ta farko tana nan tana yawo ta biyu za ta fito, su cakuɗe. Ƙara murya ba ya gyara wannan, ƙara cakuɗewar yake yi. Abin da ke gyarawa shi ne ƙananan lasifikoki da yawa a rarrabe da murya matsakaiciya, tare da shimfiɗa mai kauri.

Lasifika sabuwar aba ce a tarihin masallaci. Masallacin Sultan na Singafo yana cikin na farko da suka kafa ta, a 1936. Ta kawo alheri mai yawa, ta kuma zo da tambayoyin da ƙasashen Musulmi ke ta amsawa. A watan Mayun 2021 Ma'aikatar Harkokin Musulunci ta Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, kuma kada murya ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin na'urar. A Fabrairun 2022 Ma'aikatar Addini ta Indonesiya ta sanya iyakar desibel 100. Najeriya ma tana da dokar taƙaita ƙara ta 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA.

Tun kafin waɗannan dokoki, Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa Annabi (SAW) yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya hana su cutar da juna da ɗaga murya a kan juna. Aya ta 110 a Suratul Isra'i ma ta yi umarni da bin tsaka-tsaki tsakanin bayyanawa da ɓoyewa. Kwamitin masallaci zai iya aiki da wannan cikin sauƙi. A tura mutum ya tsaya a ƙofar gida mafi kusa da asuba ya saurara, a ɗaga lasifikar sama a kawar da bakinta daga tagogin mutane, a kuma bar karatun tahajjud da tafsiri ga lasifikar ciki idan akwai wani masallaci kusa da ke nasa. A cikin gidajen nan akwai jariri, da marar lafiya, da mace mai salla a ɗakinta da ke son jin abin da take karantawa.

Abin da kowane gida zai iya yi

Ma'auni mafi sauƙi ba ya buƙatar na'ura. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tazarar hannu ɗaya da kai ya ji ka, ƙarar wurin ta kai mai cutarwa. Mai sauraron karatu ko darasi ta iyafis ya tsaya a kashi 60 cikin ɗari na muryar wayar, ya riƙa hutar da kunne, kada kuma ya kwana da ita. Kunne bai san bambanci tsakanin ƙira'a da waƙa ba, desibel kawai yake ji. Masu injin niƙa, masu walda, masu yankan katako da masu gyaran janareta su nemi abin toshe kunne na roba ko na soso, kuɗinsa kaɗan ne, su kuma saya wa yaran da ke koyon aiki a hannunsu.

Iyaye su kai yara rigakafin ƙyanda da sanƙarau. Kunnen da ke ciwo ko zubar da ruwa a kai shi asibiti, kada a ɗura masa man ja ko ruwan ganye. A lura da jariri: yana firgita idan ƙofa ta buga? Yana waiwayar murya a wata shida? Ya fara kiran "mama" ko "baba" wajen shekara ɗaya? Idan amsar a'a ce, a nemi gwaji da wuri, domin shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke koyon magana. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda ya je asibiti a ranar, domin maganin irin wannan a kwanakin farko yake tasiri.

Waɗanda Allah Ya jarraba da kurumta kuma suna da haƙƙi a kanmu. Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, mai ƙa'idojinsa, akwai kuma makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano. Masallacin Juma'ar da ya tanadi mai fassara huɗuba da hannu ya buɗe ƙofa ga bayin Allah da suka daɗe suna zama a sahu ba tare da sanin abin da liman ke faɗa ba. Dattijon da jinsa ya yi rauni kuma a fuskance shi, a yi masa magana a tsanake cikin haske yadda zai ga leɓɓa, domin tsawa tana ƙara dagula kalmomi. Na'urar taimaka wa ji ba abin kunya ba ce, kamar yadda tabarau ba abin kunya ba ne.

Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya. Makarantun Islamiyya da kwamitocin masallatai za su iya gayyato ma'aikacin lafiya a wannan rana ya duba kunnuwan ɗalibai, a kuma auna muryar lasifikar masallaci, domin wayoyin zamani suna da manhajar da ke ba da ƙiyasin desibel. Allah Ya jiyar da mu alheri, Ya bar mu da jinmu da ganinmu muddin rayuwarmu.